Daga Ranar Wanka

Shekara shida da aurena da Sanda ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na sha saiwa, na sha rubutu, na sha wani baƙin gari da Gwaggo Kulu ta aiko daga Katabu mai ɗan karen ɗaci. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya raba mutum da ita.

Sanda yana aiki a wata masana'anta a Fatakwal, sati uku aiki, sati ɗaya hutu. Ni kuma lissafi nake koyarwa a wata firamare a nan Kawo. Don haka da na karanta a waya cewa ƙwan mace yana fitowa ne a rana ta goma sha huɗu, sai na ce ai an zo gidana. Al'adata ba ta saɓa alkawari, kwana ashirin da takwas cif. Na sayi kalanda, na zana, na faɗa wa Sanda satin da nake so ya riƙa zuwa. Bai yi musu ba. Shekara biyu yana kwasar wannan uwar hanya, ya iso ƙafa a kumbure, ya koma, bayan kwana kaɗan jini ya zo mini kamar kullum.

Da abin ya ishe ni na je wurin wata likitar mata, Dakta Sa'adatu. Ta ce in dawo rana ta ashirin da ɗaya a ɗauki jinina, a ga ko ƙwai yana fita. Na ƙirga, na dawo, na yi zaman layi har bayan azahar.

"Likita, a taimaka a ɗauka yau," na ce da na shiga. "Gobe baƙona na wata zai zo."

Ta ajiye biro. "Gobe kuma? Malama Nafisa, daga wace rana kike fara ƙirge?"

"Daga ranar da na yi wankan tsarki mana."

"Kwana nawa kike yi kafin wankan?"

"Bakwai."

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta juya katina ta ja layi a bayansa.

"Jiki ba ya jiran wanka," ta ce. "Tun ranar da kika fara ganin jini ƙwaƙwalwa take sakin wani sinadari, homon muke ce masa, ya je ya fara nunar da ƙwai. Ƙwan yana nuna, wani homon ɗin yana yi wa mahaifa shimfiɗa. Wajen rana ta goma sha huɗu sai na uku ya taso da ƙarfi, ƙwan ya fito. Kwana ɗaya yake jira. Maniyyin namiji kan kai kwana biyar a jikin mace, shi ya sa gara ya riga ƙwan isowa. In ba su haɗu ba, homon ɗin da ke riƙe da shimfiɗar ya sauka, ta zube. Ita ce jinin."

"To goma sha huɗun tawa fa?"

"Ashirin da ɗaya ce. Maigida yana isowa an riga an tashi."

Tun ina 'yar shekara goma sha uku a Islamiyya aka koya mini ƙirgen kwanakin tsarki, saboda salla, saboda azumi. Haka mahaifiyata take ƙirgawa, haka yayyena. A kaina wata yana farawa ne ranar da mace ta koma kan sallaya. Wa zai ce mini kwanakin da nake zaune ba salla su ma suna cikin lissafi? Ni da nake jan kunnen 'yan aji huɗu kullum su duba inda za su fara kafin su ƙirga. Kunya ta kama ni, sai haushi, sai kuma duk suka wuce suka bar ni da ciwon baya.

Likita ta ce wannan ba alkawarin ciki ba ne, akwai sauran gwaji, kuma a shekara talatin da bakwai bai kamata mu yi ta jan ƙafa ba. Ta rubuta mini kwanakin da suka dace, sati ɗaya kafin nawa.

A bakin titi na tsaya, 'yan Keke suna ta yi mini hon, na kira Sanda. Na faɗa masa duka, ban rage laifina ba. Na karanto masa kwanakin. Ƙarar inji kawai nake ji a bayansa.

"Yallaɓai, kana ji na?"

"Ina ji." Ya sauke numfashi. "Nafisa, wannan ai shi ne satina na asali. Shi kamfani ya ba ni. Da kika ce ga wanda kike so, Idi abokin aikina na roƙa muka yi musaya, har aka rubuta a ofis. Ban faɗa miki ba don kada ki damu."

Na jingina da fal ɗin wuta.

"Zai yarda ya maido?"

"Ban sani ba. Sai da na yi wata biyu ina bin sa kafin ya karɓa. Zan roƙe shi. Amma don Allah, kafin in je, ki sake ƙirgawa."