Ranar da Sufeto Ya Ƙi Fitowa

Ɓeran fari ne mai jan ido, kuma tun yana ɗan mitsitsi Auta ta raɗa masa suna Sufeto, saboda yadda yake tafiya yana leƙa kowace kusurwa kamar wanda aka turo bincike. Aikinsa ɗaya ne a duniya. Sai a jera masa gwangwanaye masu hujajjen murfi, kowanne da masara a ciki, ya bi su yana shinshinawa. In ya iso wanda fumfuna ta fara kama masararsa, ko da ido bai isa ya gani ba tukuna, sai ya tsaya ya karci murfin da farce. Ladansa ɗan yankin ayaba. Auta ce ta koya masa wannan a ɗakin gwaji na sashen nazarin halittu, har hannunta ya saba da ɗuminsa.

Sashen yana da doka. Dabbar da aikinta ya ƙare, 'yan ajin farko ake miƙa wa su feɗe su ga kayan ciki, kuma ba a yarda ɗalibi ya kai gida ba. Dokta, malamin da ke duba aikinta, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in alƙalan taron baje kolin bincike sun zaɓi aikinta don a ci gaba da shi, Sufeto ya zauna. In ba su zaɓa ba, ya bi sahun 'yan uwansa.

Ranar taron an cika babban zauren jami'a da tebura. Kowane ɗalibi da allonsa a bayansa, wayoyin lantarki sun bi ƙasa an danne su da salatif. Wani ya kawo bulo da ya yi da narkakkiyar leda yana roƙon mutane su taka, wata tana shuka latas a cikin ruwa zalla ba ƙasa, saiwoyin na lilo farare kamar gemun tsoho. An jera teburan ne bisa abin da aikin ya shafa, don haka duk masu harkar adana hatsi aka tara su layi ɗaya, kusa da bango.

Baban Auta ya zo, da hularsa ta zuwa taro. Tsohon direban babbar mota ne, ƙarar inji ta daɗe da cinye masa rabin ji. Ya ja kujera ya zauna nesa kaɗan da kejin Sufeto.

“A unguwa na ce musu likitan hatsi kike karanta,” in ji shi. “Kar ki ƙaryata ni.”

“Ai ba ƙarya ka yi ba, Baba. Ga ma likitan nan a ciki.”

Amma likitan bai fito ba. Tun da aka ajiye kejin, Sufeto ya shige ɗan akwatin kwali da yake kwana, ya cusa kai a kusurwa, wutsiya kawai ake gani. Auta ta buɗe ƙofar kejin, ta kira shi da ɗan tsakin da ya sani, ta miƙa ayaba har bakin akwatin. Ko motsi. Da ta sa hannu ta taɓa shi, jikinsa na rawa.

Ta ce a ranta taron mutane ne ya firgita shi. Ta lulluɓe kejin da mayafinta, ta jira, ta buɗe. Yana nan yadda yake. Ita kanta ba daidai take ji ba, wani siririn ƙara ke yi mata yawo a kunne tun safe, kamar sauro ya maƙale a can ciki, har gefen kanta ya fara sara.

“Baba, kana jin wani ƙara?”

“Wane iri?”

“Siriri. Kamar fito.”

Ya karkata kai, ya saurara da gaske. “Yunwa ce. Uwarki ta ce ki karya, kika ƙi.”

Dokta ya biyo layin da hannu a baya, ya leƙa kejin, ya dubi Auta ta saman tabarau. “Alƙalai sun gama da masu ruwa, layinku za su shigo. Ina ma'aikacin naki?”

“Yana hutawa, Dokta.”

“To. Ya huta da sauri.”

Da ya wuce, Auta ta ɗauki kejin ta fita ta ƙofar gefe, ko iska za ta taimaka. Ta zauna a dakali ƙarƙashin wata bishiya, ta ɗora shi a cinya. Can sai ga ɗan hanci ya leƙo daga akwatin, sannan kai, sannan Sufeto gaba ɗayansa. Ya zauna a kan ƙafafun baya ya shiga wanke fuska da hannu biyu, kamar ba shi ne ya so kashe ta da fargaba ba. Tana kallonsa sai ta lura da wani abu: kunnenta ya yi shiru.

Ta tashi ta koma. Tana sa ƙafa a layinsu ƙaran ya dawo, Sufeto kuma ya faɗa akwati da gudu. Ta ajiye kejin gaban Baba, ta ce ya duba mata, ta bi ƙaran da kunne tebur bayan tebur. Bai kai ta nesa ba. Tebur ɗaya ne tsakaninsu. Wani baƙin akwati ne da bai fi bulo girma ba, da 'yar jar fitila a goshinsa. A allon da ke bayansa an zana ɓera yana gudu, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa na'urar korar ɓeraye ce daga rumbu, da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji.

Mai teburin ɗan sashen lantarki ne, wanda kowa ke kira Dogo. Yana tsaye yana ta gyara wuyan riga.

“Injiniya, abin nan a kunne yake?”

“Tun safe. Kina ji ne? Yara da masu ƙuruciya kan ɗan ji. Alhamdu lillahi, ashe tana yi.”

“Tana yi har ta wuce. Kashe ta, don Allah. Ɓerana ya ƙi fitowa.”

Dogo ya leƙa ta bayanta, ya ga kejin. “Ke ce Hajiyar ɓeraye? Wane mai hankali ne ya haɗa mu layi ɗaya?”

“Ni ma shi nake nema. Kashe ta tukuna.”

“Ba ta da makunni.” Ya sosa ƙeya. “Ban samu na sa ba. Sai dai a zare waya, kuma in aka zare, ba kullum take yarda ta tashi ba. Jiya sai da na yi ta lallashi. In alƙalai suka iso suka tarar da mataccen akwati, me zan ce musu?”

“In suka tarar da rayayye fa, me za su gani? Fitila ja.”

Nan ta taɓo masa inda ke ciwo. Ya ce tun safe haka yake fama, duk wanda ya zo sai ya kara kunne ya ce bai ji komai ba, ya wuce. Wani ma cewa ya yi ai kuwa tana aiki, tunda ba ɓera ko ɗaya a zauren, ya tafi yana dariya.

Auta ta dubi ƙarshen layin. Alƙalai uku ne, wata Farfesa ce a gaba, tsohuwa mai sanda, sun tsaya wurin mai buhun da iska ba ta shiga.

“Kai ba ka da ɓera, ni ina da shi,” in ji ta. “Bar ta a kunne har su iso. Su ga yadda ya ɓuya. Sannan ka zare a gabansu. Daga nan ko ba ta sake tashi ba, sun riga sun gani.”

“In ya ƙi fitowa bayan na zare fa?”

“To kai ka ci, ni na faɗi.” Ta faɗe shi a hankali, don ba ta so Baba ya tambayi abin da faɗuwar ke nufi.

Haka aka yi. Dogo ya ɗauko akwatinsa ya matso da shi iya tsawon waya, suka yi bayani bi da bi. Farfesa ta kara kunne, ta ce ita dai ba ta ji komai ba. Baba ya ce daga kujerarsa, “Mu biyu ke nan, ranki ya daɗe.” Ta leƙa kejin ta ga wutsiya. Sannan Dogo ya sunkuya ya zare wayar, jar fitilar ta mutu.

Auta ta ji kanta ya saki kamar an kwance mata ɗaurin ɗankwali. Ta jera gwangwanayen a kan tebur, ta buɗe ƙofar kejin, ta yi tsakin. Ba abin da ya motsa. Ɗaya daga cikin alƙalan ya dubi agogo, ɗayan ya dubi tebur na gaba. Dokta na tsaye a bayansu, hannu a baya.

“Ba ma sauri,” in ji Farfesa. Ta jingina da sandarta. “Ni ma in aka yi mini ihu a kunne tun safe, ba zan fito da fara'a ba.”

Sai ga hancin. Sufeto ya fito, ya zauna, ya wanke fuska tsaf, bai bar ko bayan kunne ba, duk suna tsaye suna jiransa. Da ya gama ya sauko kan tebur ya bi gwangwanayen. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya ɗan yi jim a na uku ya ci gaba, a na gaba ya tsaya ya karci murfin. Auta ta juya gwangwanin ta nuna alamar da ta sa a ƙasansa, ta ba shi ayabarsa.

Farfesa ta ce Auta ta juya baya. Ta cakuɗa gwangwanayen da hannunta, ta ce a sake. Sufeto ya sake gano shi. Ta buɗe gwangwanin ta shinshina masarar da kanta, ta ce ita ba ta ji komai ba, yau dai ranar rashin jinta ce.

Dokta ya matso. Ya ce ga dama ta samu, tunda ɓeran na jin na'urar sarai, sai a haɗa ayyukan biyu, a riƙa gwada ta a kansa.

“A'a, Dokta,” in ji Auta. “In yana tsoro hancinsa ba ya aiki. Yau kawai na ara wa Dogo shi.”

Farfesa ta dube ta, ta dubi Sufeto da ke riƙe da ayaba da hannu biyu. Ta ce a ci gaba da aikin ɓeran zango mai zuwa, a ƙaro masa 'yan koyo. Ta ce wa Dogo ya nemi ɓerayen rumbu na gaske, ya kuma sa wa abinsa makunni. Sannan ta ce wa Dokta a tabbata akwai gini guda tsakanin ɗakunan yaran nan biyu. Suka wuce wurin mai injin busar da tumatir.

Dogo ya mayar da akwatinsa, ya sa waya don ya gani. Fitilar ba ta kama ba. Ya bubbuga shi, ya sake sawa, sannan ya haƙura ya zauna.

Auta na tattara gwangwanaye sai ta ga Baba ya jawo kujerarsa dab da kejin. Ya ɗauki ragowar ayabar, ya gutsuro, ya miƙa ta tsakanin wayoyin kejin da yatsu biyu, a shirye yake ya janye.

“Ba ya cizo?”

“Ba ya cizo, Baba.”

Sufeto ya karɓa. Baba ya goge yatsunsa a gwiwa.

“Kar ki faɗa wa uwarki,” in ji shi.