Ranar da Yaya Ya Yaye Auta

Da aka tura Auta aiki a ƙaramin asibitin da ke ƙarshen hanya, abin da aka ba ta shi ne ɗaki ɗaya a bayan ɗakin magani, sai wani dogon babur na shiga daji. Da shi take kai allurar rigakafi ƙauyuka, ta kan duwatsu da kwazazzabai. Hanyar ba ta raga wa ƙarfe. Kafin mako ya zagayo sai sifok ya saki, wato siraran wayoyin nan da ke riƙe da rim, ƙafar baya ta fara rawa.

Yayanta bakanike ne a birni, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Farkon da ƙafar ta yi rawa shi ta kira, ya koya mata ta waya.

"Auta, kada ki ɗaure guda tamau, rim zai karkace. Ki bi su da sifana kina ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙara siririya, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya amsa miki kamar mai mura, shi za ki murɗa kaɗan."

Daga nan abin ya zame mata al'ada. Ranar hutu da hantsi sai ta ɗora babur a kan kututture, ƙafar na lilo, ta kankare laka da tsohon buroshin haƙori, ta ɗiga baƙin mai inda tsatsa ta kama. Sannan ta ajiye waya a kan tanki ta kira Yaya.

A gaskiya hannunta ya daɗe da sanin aikin. Sai dai abokan aikinta duk 'yan yankin ne, ana tashi kowa ya kama gabansa, a bar ta da gurnanin firjin magani. Yaya kuwa ba mutumin hira ba ne. In ka gaishe shi ya amsa, zance ya mutu. Amma a taɓo maganar ƙarfe, sai bakinsa ya buɗe. Yana bayani tana jin hayaniyar gareji, wani lokaci har muryar matarsa in ta kawo masa abinci. Shi ya sa kullum take ƙirƙiro tambaya.

Wata ranar hutu ta ce, "Yaya, in biyu suka saki a gefe ɗaya, da wanne zan fara?"

"Kin riga kin taɓa su?"

"Na ɗan taɓa."

"Ƙwanƙwasa in ji."

Ta kara wayar kusa da sifok ɗin, ta bi su da sifana har ƙafar ta zagayo. Da ya gama saurare, sai ya yi dariya.

"Wannan ƙafar ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Kin zama oga, Auta. Daga yau na yaye ki, ki daina ƙona katinki a kaina."

Da alfahari ya faɗa. Ta ji yana ce wa wani a gefensa, "Ƙanwata ce, ita ke gyaran babur ɗinta."

"Yaya, ai ba don sifok ɗin..."

Sai wani ya tayar da inji kusa da shi.

"Me kika ce?"

"Na ce na gode."

"To, Allah ya tsare hanya."

Da mako ya zagayo, ta ɗora babur a kan kututture, ta wanke, ta ɗaure waɗanda suka saki. Ta ɗauki waya, ta daɗe tana kallon lambarsa, ta rasa abin tambaya. Har ta sa sifana za ta sassauta guda da gangan, ko ta sami abin faɗa. Sai ta tuna gobe akwai tafiya mai nisa, iyaye mata za su taru da jarirai suna jiranta. Ta zare sifanar.

Ta juya ƙafar da hannu. Tana tafiya santal, ba ko gargada. Auta ta zauna a dandamali tana kallonta har ta tsaya don kanta, sannan ta sauke babur ɗin ta tura shi inuwa.