Takalman Bakin Ƙofa

Ni ke koyar da ilimin kwamfuta a makarantarmu, amma ko mace ɗaya babu a ajina. Na yi shela, na manna sanarwa, shiru kake ji.

Ran nan ƙanwata ta kawo mini makullin da na manta a gida, sai ta toge a waje. Na leƙo na ce, "Ke, ba ki ga ƙofa ba?"

Ta nuna tarin takalman da ke bakin ƙofar. Dokar ɗakin ce a cire takalmi saboda kafet, ni kuwa a ƙarƙashin tebur nake ɓoye nawa.

Ta ce, "Yaya, duk na maza ne. Wace mace za ta kutsa nan?"

Washegari na jera nawa a waje, na haɗa da nata da na Mama. Har yau Mama na cigiya.

Kafin zangon ya ƙare, 'yan mata sun kame layin gaba. Jiya ma wata ta tafi da takalmina bisa kuskure. Da nata na koma gida, yana matse ni, ina ta murmushi.