Launin Saniyar Alhaji Abbo

Suhaibu ya dawo Nguru da digirin kwamfuta a lokacin da garin bai nemi mai irin wannan digiri ba. Aiki ɗaya ya samu: ƙungiyar dillalan shanu ta Gashua tana son manhajar da za ta riƙe sunayen mambobinta. In ta karɓu, su ɗauke shi aiki. In ba ta karɓu ba, kawunsa ya riga ya ware masa benci a shagon buhuna.

Manhajar ta yi aiki. Amma shugaban ƙungiyar, Alhaji Abbo, bai dubi sunayen ba. Bangon tagar manhajar ya duba a allon kwamfuta, ruwan toka yadda ya zo, ya ce wannan launin jaki ne. Shi launin Woɗe yake so, jar saniyar da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ta mutu shekarar fari. Hotonta kuwa babu.

Suhaibu ya yi bayani cewa lambobi uku ake ba na'urar, na ja, na kore da na shuɗi. Abbo ya ce bai taɓa ganin kore a jikin saniya ba.

Daga nan kowace ranar kasuwa Suhaibu yana hanyar Gashua da faifai a aljihu. Ya ƙara ja, aka ce tumatir. Ya rage, aka ce ƙasar gini. Bubayero, aminin Abbo, ya dage cewa da damina Woɗe ta fi duhu. Suhaibu ya riƙa shiga kara, kasuwar shanu, yana ƙura wa shanun mutane ido, har aka fara tambayar wa ya aiko shi.

Wata rana, don gajiya kawai, ya ƙara shuɗi kaɗan. Aka tada janareta, tagar ta buɗe. Bubayero ya sunkuyar da kai. Abbo ya daɗe yana kallo.

"Ita ce," in ji shi. "Kashe, ɗana."

Ya ce ba zai iya zama kullum yana ganin sunayen dillalai a jikinta ba. Suhaibu ya ce layi ɗaya zai goge a rubutun manhajar, ruwan toka ya dawo.

"Ai na riga na san tana ciki," in ji Abbo.

Aka lulluɓe kwamfutar da zane. Aka yi wa Suhaibu doguwar addu'a, aka raka shi har tasha.