'Yan Wasan Motar Kankana

Abdulbaƙi na tsaka da raba riguna masu lamba sai ga motar Madam Rosemary ta kunno kai kasuwar Zuba, awa guda kafin lokaci.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗumama kujera guda a wata ma'aikata, duk ƙarin girman da ya zo sai ya tsallake shi. Da ya ga ana neman jami'an da za su yaɗa wasan zari-ruga a yankuna, ya cike takarda, ya kuma zuba mata gishiri: wai yana da ƙungiya mai 'yan wasa goma sha biyar. Alhali bawan Allah a talabijin kawai ya san ƙwallon nan mai siffar gwanda. Da aka ce Rosemary, mai tantance masu neman aikin, za ta zo ta gani da idonta, sai ya garzaya wurin Ɗangoggo, shugaban masu sauke kankana, ya aro ƙarti.

Suka taru a filin bayan tasha. Rosemary ta cilla ƙwallon, ƙarti suka ja layi yadda suka saba. Kafin ka ƙifta ido ƙwallo ya bi hannu goma sha huɗu, babu mai ko kallonsa, babu wanda ya suɓuce wa. Rosemary ta sauke tabarau. Na ƙarshen layi kuwa, da ya waiga bai ga kowa ba, sai ya durƙusa ya ajiye ƙwallon a inuwa cikin lallami, ya miƙe yana jiran na gaba.

"Ku ruga mana!" Abdulbaƙi ya daka tsawa. "A kayar da mai ƙwallon!"

Ɗangoggo ya riƙe haɓa. "Haba Oga! Mutum da kaya a hannu, a kayar da shi? Shekara talatin ina kasuwan nan, ban taɓa jin wannan rashin imani ba."

Rosemary, haihuwar Jos, ta yi dariya har da dafa mota. "Malam Abdulbaƙi, tsakani da Allah, yaushe kuka fara tirenin?"

Kunya ta rufe shi. "Jiya, bayan La'asar."

"Kai fa, ka taɓa bugawa?"

Ya girgiza kai. Ya ji aikin na sulale masa, har ya fara hango kujerar nan tasa mai ƙara.

"Jiha shida na zaga," in ji ta, "kowa takarda yake nuna mini. Kai ka yi ƙarya, amma ka san inda hannu suke. Sai dai ba na ɗaukan wanda bai iya cafewa ba." Ta nuna wata babbar mota da ke jiran a sauke ta. "Shiga layi. In ta ƙare ba ka fasa ko ɗaya ba, mu haɗu ofis ran Litinin."

Abdulbaƙi ya dubi farar shaddarsa, ya cire hula ya shiga tsakanin ƙarti. Kankana ta farko ta daki ƙirjinsa, ya yi baya taga-taga, ya rungume ta kamar jaririya. Ba ta faɗi ba.

"Madalla, Oga!" Ɗangoggo ya ƙwala daga saman mota. "Saura dubu da ɗari biyu!"

Abdulbaƙi ya miƙa ta ga na kusa da shi, ya naɗe hannun riga, ya sake tara hannu.