Itacen da Ba Ya Mutuwa

Mai lambu yana cika ledojin dashe da ƙasa sai inuwar mutum ta faɗo masa a hannu. Bai ɗago ba. Ya san takalmin. Maƙwabcinsa ne, mai bene, wanda bara magina suka yi ta kwararo ruwan simintinsa ta ƙarƙashin katanga har lemun da marigayiya matar mai lambu ta dasa ya bushe a tsaye. Da ya je ƙorafi, mai bene dariya ya yi, ya ce, "Haba Baba, a kan itace?"

"Baba, sannu da aiki. Taimako na zo nema."

"Ranka ya daɗe, mu da taimakon masu bene?"

"Bar zolaya. Lungun nan na bayan gidana, duk ɓaraguzan bulo ne, rana ba ta leƙa shi. Fure uku na sa, duk sun mutu. Maiɗakina ta hana ni sakat, ita sai ta ga kore ta taga."

Mai lambu ya goge hannu a wando. Akwai furanni masu son inuwa a layin farko, marasa cutarwa. Ya wuce su. Can ƙarshe ya tsuguna ya ɗauko 'yar cediya mai ganye shida.

"Wannan ba ta mutuwa. Ko a tsagar dutse ka sa ta, za ta kama."

Bai yi ƙarya ba, ya kuwa auna kowace kalma don kada ya yi. Saiwarta ce kawai bai ambata ba, wadda ke bin danshi a hankali, ta shiga bututu, ta ɗaga daɓe, ta tsaga harsashin gini.

"A ina zan dasa?"

"Jikin bango, kusa da bututun ruwa. Tana son laima."

"Shi ya sa nake cewa babu kamarka! Shekara nawa za ta yi kafin ta girma?"

"Goma. Sha biyu in ta yi jinkiri."

Mai bene ya rungume ledar ya fita yana fito.

Mai lambu ya zauna a kan kututturen lemun, wanda har yau ya ƙi tonewa. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Tun ranar da aka binne matarsa yake roƙon Allah ya gaggauta masa tafiya. Yau, da ya ɗaga hannu, tsawon rai ya roƙa.