Mai jiran gurbi

Saƙon wata jami'a ta ƙasar waje ya iske Maccido a fadamar Wurno, yana tsugune cikin albasar babansa. Ba a ɗauke shi karatun digirin dakta ba, ba a kuma kore shi ba. An dai sa shi cikin masu jira: in wani daga cikin waɗanda aka ɗauka ya janye, sai a kira na bayansa. Shekarunsa nawa yana tonon ƙasar noman rani daga Rabah har gindin dam ɗin Goronyo, yana auna gishirin da ke kashe shuka, ga shi an ce masa tsaya bakin ƙofa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Gwaggo Uwaliya, ƙanwar babansa da ta goye shi tun rasuwar uwarsa, ita ce ta kawo masa fura ran nan. Ya yi mata bayani dalla-dalla.

"To mi ka sa mutum shi janye?" in ji ta.

"Wani ya samu wurin da ya hi, wani lalura. Ba kasahwai ba, Gwaggo. Wata shekara ko mutum guda ba a kira."

"Ashe rabon ruwa na," ta ce. "Ba shi zuwa gonakka sai an datse na wani."

Dariya ya yi. Kaico, da ya sani da bai yi ba.

Tun daga ranar, da rana ta take, manoma sun watse neman inuwa, sai Gwaggo ta sauko fadama. Ta tsuguna bakin hanyar ruwa, ta cuɗa laka da hannu, ta toshe wata 'yar ɓaraka da ba ta shayar da gonar kowa, bakinta na motsi. Maccido ya lura in tana wurin kwaɗi kan yi tsit, ko balbela ba ta sauka.

Akwai zauren waya da masu neman gurbin suka buɗe, mutanen ƙasashe daban-daban, kowa na faɗin halin da yake ciki. Nan wata da aka ɗauka ta rubuta cewa ta janye: ta wayi gari hannunta na dama ba ya ɗaguwa, likitoci sun rasa dalili. Jami'a ta aiko wa Maccido cewa sunansa ya matso gaba a jerin masu jira. Ya yi murna, wallahi ya yi, sai daga baya kunya ta kama shi. Ba a jima ba wani saurayi ya ce shi ma ya haƙura, don in ya buɗe littafi ba ya jin komai sai ƙarar ruwa cikin kunnensa.

Nan Maccido ya tuna da toshe hanyar ruwan nan. Ya tare Gwaggo a hanyar fadama.

"Don Allah, Gwaggo, ki bari. Mutanen ga ba su yi muna komi ba."

"Ni na san su? Sunan wa ka ji na kira?" Ta nuna masa tafin hannunta, duk laka. "Kai ɗai ni ka roƙa ma. In tsoro kaka ji, ɗauki wayakka ka ce ka hwasa."

Ya ciro wayar kuwa. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, ya mayar da ita aljihu. Son zuciya bai bar shi ba, ita kuma ta wuce abinta.

Ranar da aka kira shi, gida ya cika da guɗa. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, har an fara ce masa Dakta. Da hayaniya ta ishe shi sai ya sulale fadama, rana tsaka, don ya sha iska.

A kan hanyar ruwan da ke shiga albasarsu ya ga wata tsohuwa zaune. Ba 'yar Wurno ba ce, ba ma 'yar ƙasar nan ba: fara ce, 'yar ƙarama, gashinta fari fat a buɗe, da wata irin sutura da bai taɓa gani ba. Zare take ƙullawa a yatsu, a hankali, tana kiran wani suna da harshensa ba zai iya maimaitawa ba. Ba ta da inuwa. Ta ɗago ta dube shi, babu ƙiyayya ko kaɗan a fuskarta, ta ƙara ƙulli ɗaya. Nan take ya ji yatsun ƙafarsa sun mutu.

Sai a lokacin ya tuna ashe shi ma akwai masu jira a bayansa.

"Gwaggo!" ya ƙwala. "Gwaggo!"

Tana nan tafe da ƙwaryar fura. Ta tsaya, ta dubi inda yake nunawa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye ƙwaryar, ta ɗan rusuna wa baƙuwar yadda mace ke gaida sa'arta.

"Kore ta, Gwaggo!"

"In kore ta in ce mata mi? Ita ma ɗa gare ta." Ta kama hannunsa ta riƙe gam. "Taka mu gani, Maccido. Taka mana."